Burtalin Giwa da Isnadin Taswira

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zamfara, ko da bai taɓa riƙe sandar kiwo ba, ya san abin da ake nufi da burtali, wato zirin ƙasar nan da magabata suka keɓe a tsakanin gonaki, aka yi masa shinge da aguwa ko cini-da-zugu dama da hagu, domin shanu su baro makiyaya su isa mashaya ba tare da sun sa baki a hatsin kowa ba. Ya kuma san cewa ranar da wani mai haɗama ya nome bakin burtali ya haɗe da gonarsa, to, ya jawo wa gari fitina, gama saniya ba ta fasa jin ƙishirwa don an toshe mata hanya. Malaman ilmin halittu na wannan zamani, bayan sun daɗe suna bahasi, sun tabbatar da cewa manyan namun daji ma haka sha'aninsu yake. Giwa da ɓauna da gwanki da raƙumin dawa sau da yawa ba su iya zama daji guda har shekara ta zagayo, sai sun bi ruwa da ciyawa inda damina da rani suka kai su, kuma idan gonaki da tituna suka yi wa garke ƙawanya har ya rasa mafita, ko da maharbi bai taɓa shi ba, ƙarancin abinci da barbara tsakanin dangi na kusa sukan ƙarar da shi sannu a hankali. Wannan fahimta ta yi ƙarfi tun daga 1967, sa'ad da Robert MacArthur da Edward Wilson suka wallafa nazarinsu a kan halittun tsibirai, masu bi musu suka yi ƙiyasi da shi suka ce gandun dajin da gonaki suka kewaye, hukuncinsa hukuncin tsibiri ne a tsakiyar teku.

Saboda haka ne a yau ake ta fitar da taswirori masu launi iri-iri, waɗanda ake haɗawa a kwamfuta daga hotunan tauraron ɗan'adam, a ja jan layi daga wannan daji zuwa wancan a ce ga burtalin giwa, a miƙa wa hukuma da masu ba da tallafi. Mas'alar da nake nufin tattaunawa a nan ita ce wadda ba a cika tsayawa a kanta ba, saboda kyawun taswira yakan ɗauke hankalin mai kallo: shin idan wani malami dabam ya ɗauki kayan aikin ya bi hanyar da na farko ya ce ya bi, zai fito da wannan layin ko kuwa wani? Na zaɓi in auna maganar da ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, garuruwa uku da ke jere a kwarin Gulbin Sakkwato, waɗanda kowannensu ya taɓa ba jihar gwamna, domin sashe ne da ke kwance a tsakanin dazuzzukan kudu, irin su Kuyambana da na wajen Bagega, da na arewa, irin su Bayan Ruwa da Sububu da Gundumi, kuma duk abin da zai tashi daga waɗancan ya nufi waɗannan ta wannan gefe, tilas ya ƙetare titin Gusau zuwa Sakkwato, ya ratsa gonakin Bakolori, ya haye gulbi.

Kafin a tambayi kwamfuta, ya kyautu a tambayi tarihi, gama shi ne zai faɗa mana yadda aka yi dajin ya samu da yadda aka yi ya tsinke. Abin mamaki a nan shi ne, mafi yawan manyan dazuzzukan wannan yanki yaƙi ne ya raine su. A ƙarni na goma sha tara, lokacin da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi ba su daina kai hari ƙasar Sakkwato ba, mutane sun dunƙule a bayan ganuwa, Bakura kanta tana cikin garuruwan ribaɗi na daular, abin da ke tsakanin ganuwa da ganuwa kuwa aka bar wa giwa da zaki. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya ratsa dajin Gundumi a 1853 cikin tafiyar sa'a 26 babu yada zango, don kowa a ayarin ya san abin da ke iya aukuwa in aka tsaya. Haka Dajin Rugu ya tsaya shamaki tsakanin Katsina da Maraɗi. Har yau sunayen wurare suna riƙe da shaidar wancan zamani, kamar Mashayar Zaki a kan hanyar Ɗansadau, inda sunan ya wanzu bayan mai sunan ya shuɗe.

Annobar bushiya da ta auko wajen 1890 ta kashe shanu, ta haɗa da ɓauna da danginta. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 hare-hare suka kwanta, sai jama'a suka fito daga ganuwa suka bazu, kowa ya sari daji ya kafa tunga. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka yi daraja, gatari ya ƙara kaifi. Hukumomin En'e sun yi abin da suka iya, suka keɓe gandayen daji, kamar na Kamuku a ƙasar Birnin Gwari da aka kafa a 1936 wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi dokar namun daji a 1963 da ta makiyaya a 1965. Sai dai fa an sa wa gandaye iyaka da duwatsun alama, an manta da hanyoyin da ke tsakaninsu, domin a wancan lokaci daji ne ko'ina, ba wanda ya zaci ranar da za a neme shi a rasa.

Babban canji a kwarinmu shi ne madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina tsakanin 1974 da 1978, bangonta ya haura kilomita biyar, tafkinta ya shafe kimanin hekta 8,000 yana ɗaukar ruwa wajen kubik mita miliyan 450, aka kuma baje ƙasa hekta dubu ashirin da 'yan kai don noman rani, aka tuge itatuwa, aka zuba magudanan siminti. Wani malami Baturen Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasan madatsar ya nuna a 1985 yadda ambaliyar da ke shayar da fadamu ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Shi maganar manomi da masunci yake yi, amma fadama ita ce kuma mafakar namun daji da rani, inda ciyawa ke zama ɗanya bayan tudu ya bushe. Ban kawo wannan don in aibata Bakolori ba, ni ma shinkafar Mafara nake ci. Na kawo shi ne don mai karatu ya san irin katangar da ke kwance a tsakiyar taswirar da muke magana a kai.

Wani zai ce, to, tun da giwa ta ƙaura, ina amfanin neman hanyarta? Haƙiƙa giwayen Nijeriya duka, bisa ga shirin kiyaye su da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2024, ba su wuce 300 zuwa 400 ba, garke mafi girma yana Yankari, kuma ba a lissafa garke mazauni ko ɗaya a waɗannan ƙananan hukumomi uku. Amma giwa ba ta daina tafiya ba. A shekarun 1980 wani garke ya tashi daga gefen Nijeriya ya shiga dajin Babban Rafi a kudancin Maraɗi ya yi shekaru yana kai da komo. A 2018 wasu 'yan giwaye suka ɓulla a ƙasar Bagudo da Koko-Besse ta Jihar Kebbi suka shiga gonakin mutane, har gwamnan jihar ya yi gargaɗi kada a taɓa su. A ƙarshen 2019 aka hango garke mai kimanin 250 daga jirgi mai saukar ungulu kusa da Rann a Borno, a bakin iyakar Kamaru. Dabbar da ke shan ruwa fiye da lita ɗari a yini, tana cin ganye da ciyawa wajen kilo 150, ba ta da zaɓi sai tafiya, kuma in ba a san inda za ta bi ba, gonar talaka ce za ta ba da labari.

Yanzu sai mu duba yadda ake haɗa taswirar. Wanda ya taɓa ganin malami yana zana hatimi a allo, ya tsaga murabba'i gida-gida ya sa adadi a kowane gida, ya riga ya fahimci rabin aikin. Ana ɗaukar hoton ƙasa daga sama, galibi na taurarin Landsat na Amurka da suka fara aiki a 1972 aka kuma saki hotunansu kyauta a 2008, ko na Sentinel-2 na Turai da aka harba a 2015, sai a tsaga ƙasar gida-gida, kowane gida mita 30 tsawo da faɗi a na farko, mita 10 a na biyu. Daga nan a hukunta kowane gida, a ce wannan daji ne, wannan gona, wannan gari, wannan ruwa, wannan titi, sa'an nan a sa masa adadin da ke nuna wahalar da dabba za ta sha in ta ratsa shi, wanda ni zan kira shi kuɗin fito, kamar abin da matafiyi ke biya a bakin gulbi. Daji fitonsa kaɗan ne, gona ya fi, tsakiyar gari kuwa ya kai maƙura. Aikin kwamfuta shi ne ta lalubo, a cikin miliyoyin gidajen nan, hanyar da jimillar fitonta ta fi araha daga wannan gandu zuwa wancan.

Ga inda gizo ke saƙa. A ɗauka, a bisa misali kawai, akwai hanya biyu daga wani daji a kudancin Mafara zuwa wani a arewacin Maradun: ta farko ta miƙe ta cikin gonaki kilomita 10, ta biyu ta zagaya ta bin kurmin bakin ƙorama kilomita 30. Ɗalibi na farko ya sa wa kurmi fito 1, ya sa wa gona 2. Lissafinsa ya ba hanyar gonaki 20, ta kurmi 30, sai kwamfuta ta ja jan layi ta tsakiyar gonakin mutane. Ɗalibi na biyu, da hoto guda da na'ura guda, ya ga cewa giwa tana tsoron mutane fiye da haka, ya sa wa gona 5. Hanyar gonaki ta koma 50, layi ya tashi ya koma bakin ƙorama. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu, kuma babu wanda ya yi ƙarya, amma ƙauyukan da layin na farko ya hau kansu dabam ne da na biyun, alhali kuwa abin da ya raba su adadi ɗaya ne wanda kowannensu ya ciro daga zatonsa. In ba a rubuta wannan adadi a fili ba, tare da dalilin zaɓensa, mai karɓar taswira ba shi da hanyar sanin cewa da an matsa shi kaɗan da hukuncin ya juye.

Wani Ba'amurke, Brad McRae, wanda ya fara karatunsa da injiniyancin lantarki kafin ya koma ilmin halittu, ya lura da wani rauni a wannan hanya, wato tana ɗauka cewa dabba ta san ƙasar duka tun kafin ta ɗaga ƙafa, kamar madugun da ya haddace zango-zango. A 2006 ya kawo shawarar a ɗauki ƙasa kamar faranti mai ɗaukar wutar lantarki, a sa wuta a wannan daji a janye ta a wancan, a ga yadda za ta watsu ta kowace kafa gwargwadon sauƙinta. Inda hanyoyi suka yi yawa wutar takan bazu, inda suka ƙuntata takan taru ta yi zafi, nan ne maƙogwaron da in aka shaƙe shi komai ya tsaya. Manhajarsa mai suna Circuitscape ta yaɗu a duniya, kuma lalle ta fi ta farko kusa da ɗabi'ar dabba. Amma ita ma da kuɗin fiton nan take aiki, in an ba ta zato, zato za ta mayar, sai dai ta yi masa ado.

Malaman hadisi suna da wani babi mai wuyar sha'ani da suke kira ilmin illa, wato aibin da ke ɓoye a cikin ruwayar da zahirinta lafiya lau, wanda ba mai gano shi sai gwani. Taswirar ƙasarmu cike take da irin waɗannan illoli, kuma mafi yawansu ɗan gari ne kaɗai zai hango su. Ta farko ita ce lokacin da aka ɗauki hoto. A watan Agusta gonar gero da dawa kore ce shar, ba ta da bambanci da saura ko daji a idon tauraro. A watan Disamba kuwa dajin da aka cinna wa wuta baƙi ne ƙirin kamar ba ya da rai. A watan Maris, sa'ad da ko'ina ya bushe, wurin da ya fi ko'ina kore a duk yankin shi ne gonakin noman rani na Bakolori, ta yadda wanda ya dogara da ma'aunin koren ganye kawai zai ga kamar nan ne aljannar namun daji, alhali nan ne wurin da ɗan Adam ya fi cika dare da rana. Ga kuma gawo, itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani, yana tsaye a tsakiyar gonaki tare da kaɗanya da ɗorawa da tsamiya. Gonar da ke da irin waɗannan itatuwa, in aka dube ta daga sama, sau da yawa takan fi gandun da 'yan gawayi suka yi wa aski kama da daji. Taswirorin dazuzzuka na duniya kuwa an daidaita su ne da manyan kurmi masu rufaffen sama, shi ya sa suka daɗe suna raina itatuwan ƙasashe irin namu, har sai da wani bincike da aka wallafa a 2020 ya ƙirga itatuwa ɗaiɗai fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a wuraren da ake ɗauka fili ne fetal.

Illa ta biyu ita ce girman gida. Zirin itatuwan da ke bin ƙorama, ko burtalin ƙauye, faɗinsa sau da yawa bai kai mita 30 ba, kuma shi ne ainihin abin da mazo ko gada ko mugun dawa ke bi da dare. In mai bincike ya haɗe gidaje ya mai da su mita 100 ko kilomita guda don aikin ya yi wa kwamfutarsa sauƙi, zirin ya narke a cikin gonakin da ke kewaye da shi, taswira ta ce babu hanya alhali akwai. Ta uku kuma ta shafi awo. Tsofaffin taswirorin safiyo, waɗanda iyakokin gandayen daji da burtali ke kansu, an gina su ne a kan tushen awo na Minna, na'urorin da ke cikin wayoyinmu kuwa suna aiki da tushen duniya na 1984, kuma tsakanin biyun akwai saɓanin gomman mitoci, wanda ya isa ya ɗauke burtali ya aza shi a gonar maƙwabci. Bugu da ƙari, layin digiri 6 na gabas, wanda ya raba shiyyar awo ta 31 da ta 32, ya bi ne ta tsakanin Bakura da Talata Mafara, Bakura tana yamma da shi, Mafara da Maradun suna gabas. Wanda ya haɗa bayanan garuruwan uku bai kula da wannan ba, sai ya ga wurarensa sun tarwatse kamar an watsa tsaba. Waɗannan ƙananan abubuwa ne da ba a cika rubuta su a rahoto ba, don mai aikin yana ganin ba su kai a faɗa ba, kuma su ne suke hana na baya ya maimaita abin da na gaba ya yi.

Kada a zaci wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A 2016 mujallar Nature ta tambayi masu bincike 1,576, fiye da kashi 70 cikin ɗari suka ce sun taɓa gwada maimaita aikin wani suka kasa, fiye da rabi kuma suka ce sun kasa maimaita nasu na kansu. Maganin da malaman can suka dawo gare shi, mu a nan mun gāje shi tun a zaure, sunansa isnadi. Magabata ba su karɓar matani, komai daɗinsa, sai an faɗi wanda ya ji daga wa, shi kuma daga wa, har zuwa asali, domin a iya bin silsilar a gano inda ta yi rauni. Isnadin taswira shi ne mai ita ya bayyana wane tauraro ya ɗauki hoton da ranar da ya ɗauka, da girman gidan da ya yi aiki da shi, da tushen awonsa, da jadawalin kuɗin fito gaba ɗaya tare da inda ya samo kowane adadi, da sunan manhaja da bugunta, sa'an nan ya ajiye umarnin da ya rubuta wa kwamfuta a inda kowa zai iya ɗauka ya sake gudanarwa. Ya kuma kamata ya jujjuya adadinsa da kansa, ya ɗaga ya sauke, ya nuna wane sashe na layin ne ke tsayawa daram ko yaya aka canza, wane ne kuma ke yawo. Na farkon ya kusanci tawaturi, wato labarin da jama'a masu yawa suka ruwaito, na biyun kuwa labarin mutum ɗaya ne, a karɓe shi da taka-tsantsan. Kayan aikin ba su da tsada, QGIS da R kyauta ne, hotunan ma kyauta ne. Abu guda ne kawai na yarda a ɓoye, shi ne ainihin wurin da dabba take kwana a yanzu, gama wannan amana ce, kuma mai neman haure ma ya iya karanta taswira.

Sai dai ingancin isnadi bai wadatar ba, domin mutum goma suna iya maimaita lissafi guda su sami amsa guda, amsar kuma ta zama kuskure gaba ɗayansu. Masu kwafar littattafai a da, in sun gama, sukan zauna su yi muƙabala, ɗaya yana karanta sabon kwafi ɗaya yana bin asali da yatsa. Asalin taswira ƙasa ce da sawun da ke kanta. A yankin Gurma na ƙasar Mali an ɗaura wa giwaye na'ura a wuya aka bi su shekaru, aka tarar suna zagaya ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 32,000, suna kuma matsewa ta wata 'yar kafa tsakanin duwatsu da ake kira Ƙofar Giwaye. Wannan ilmi ne na yaƙini, gani ya kori ji. A Yankari ma an ɗaura wa wasu. Amma kuɗin fiton da aka auna a kan giwar Mali ko ta Kenya, in aka ɗauko shi aka aza wa ƙasar Maradun, ƙiyasi ne da ke tattare da bambanci, domin yawan jama'a da irin noma da yadda mutane ke ɗaukar dabba duk ba ɗaya ba ne.

A nan ne maganar ta zo wurin da ke da ɗaci. Dazuzzukan da ya kamata a shiga a yi muƙabala, su ne a yau mafakar 'yan bindiga. A shekarar 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara, an kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura, an kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, har aka rufe layukan waya a jihar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Wane malamin daji ne zai ɗaura kyamara a jikin marke a Sububu? Kuma akwai wata illa da ta fi duk waɗanda na lissafa haɗari. Ƙauyukan da aka tasa, gonakinsu sun koma saura, sabara da kalgo sun rufe su, tauraro kuwa abin da yake gani ke nan, sai kwamfuta ta rage musu kuɗin fito ta ba da bushara cewa hanyoyin namun daji suna farfaɗowa. Wanda ya karanta Barth zai iya cewa ai tarihi ne ya maimaita kansa, yaƙi yana raino daji kamar dā. Amma dajin Gundumi na 1853 mahaya ne ke ratsa shi da mashi da kibiya su wuce, na yau kuwa zaune ake a cikinsa da babura da bindigogi masu sarrafa kansu da garken shanun sata, kuma kowane baki a sansanin nama yake nema. Babu gidan hatimin da ke nuna wannan.

Dalilin da ya sa na tsananta a kan isnadi shi ne, layin da aka ja a takarda yakan zama hukunci a kan bayin Allah. Mutanen wannan kwari sun san haka fiye da kowa, gama a watan Afrilu na 1980, manoman da aikin Bakolori ya raba da gonakinsu, suna neman diyya, sun gamu da 'yan sandan kwantar da tarzoma a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, kuma har yau adadin waɗanda suka mutu ruwaya biyu ne, ta hukuma da ba ta kai talatin ba, da ta mutanen wurin da wasu masu bincike da ke cewa ɗaruruwa ne. Shari'a ta san keɓe ƙasa don maslahar jama'a, shi ne hima, wanda Hausawa suka sani da hurumi. An yi shi a Naƙi'u a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Sayyidina Umar ya yi a Rabaza, Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya yi talifi a kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa. Amma ƙa'idar alƙalai ita ce kawo hujja yana kan mai da'awa, kuma wanda ya ce gonar wani tana kan hanyar giwa, shi ne mai da'awa. In manomin Bakura bai iya karanta umarnin kwamfuta ba, ɗansa da ke jami'a ya iya, kuma haƙƙinsa ne a ba shi abin da zai bincika.

Ra'ayina, bayan duk wannan, shi ne duk taswirar da ta nuna buɗaɗɗiyar hanyar giwa daga Kuyambana zuwa Sububu ta ratsa kwarin Bakolori a halin da ake ciki, a tuhume ta har sai ta kawo isnadinta. In akwai haɗin da ya cancanci a kashe masa ƙarfi domin giwa, na tsakanin Kamuku da Kuyambana ne, waɗanda suke maƙwabtan juna. Abin da ya rage a hannunmu a Mafara da Bakura da Maradun shi ne burtali da zirin itatuwan bakin ruwa, kuma sawun giwa ya taka na raƙumi: hanyar da aka buɗe wa saniya ta isa mashaya lafiya, ita ce barewa da gada za su bi in dare ya yi, kuma toshewarta tana cikin abubuwan da suka haddasa rigimar da ta hana mu shiga daji tun farko. Mai neman lafiyar namun daji da mai neman sulhu tsakanin manomi da makiyayi, taswira guda suke bukata.

Akwai aikin da ba ya jiran zaman lafiya. Tsofaffin maharba da sarakunan baka da ardo-ardo, waɗanda suka san inda gwanki ke lasar kanwa da mashigin da ɓauna ke haye gulbi kafin a yi madatsa, da yawansu yanzu suna zaune cikin garuruwan nan uku gudun hijira, kuma kowace shekara ana rage su. Ina roƙon malamai da ɗaliban jami'ar jiha da kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da na kwalejin aikin gona ta Bakura, su nemi izinin Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, su shimfiɗa wa dattawan nan taswira a zaure, su rubuta abin da kowannensu ya nuna da sunan wurin da shekarar da ya gani, da ko shi ya gani da idonsa ko ji ya yi, su ajiye kwafi a ɗakin karatu inda na baya zai same shi.